Ƙanina Ya Buga Motata a Ketu: In Nemi Diyyar Inshora Ko In Gyara da Aljihuna?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina sayar da albasa da tattasai, gidana kuma yana Agege. Shekara huɗu ke nan ina yi wa motata Corolla cikakkiyar inshora, ban taɓa neman ko sisi a wurinsu ba. Bana na biya N400,000 a kan darajar naira miliyan 8, kuma ejan ɗina ya ce ba don rangwamen da ake yi wa wanda bai taɓa neman diyya ba, da N560,000 zan biya. Kwana tara da suka wuce, ƙanina da yake zaune a wurina ya kai maiɗakina awo. A hanyarsu ta biyowa ta kasuwa, ana ruwan sama, ya daki motar wata mata ta baya a wajen Ketu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Bakanike ya ce gyaran tawa zai ci N1,100,000, ta matar kuma N450,000, har na riga na ba ta N100,000 a wurin don ta yi haƙuri. Da na kira ejan, sai ya ce in na nemi diyya rangwamena ya tafi, kuɗin baɗi zai yi tsada, gara in gyara da aljihuna. Ya ƙara da cewa in dole sai na nema, to in ce ni nake tuƙi. Matar kullum sai ta kira ni. Ƙanina ya daina cin abinci tare da mu, maiɗakina tana ganin laifinta ne, Inna kuma ta kira daga gida tana cewa kada in matsa wa yaro. Ni kuwa har na fara tunanin cire kuɗin gyaran daga jarin da na yi masa alkawari. Me ya kamata in yi?

Wani mai karatu, daga Agege

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya sauki maiɗakinka lafiya. Mace mai juna biyu a cikin mota, ga ruwan sama a titin Ikorodu inda danfo, motocin bas na haya, ke tsayawa ba sanarwa, a ce an fito ba ko ƙwarzane, wannan abin godiya ne babba, kuma ina so ka riƙe shi a ranka yayin da muke lissafin ƙarfe da fenti. Na ga kuma abin ya yi maka nauyi ta fuska biyu, ga kuɗi ga zumunci, kuma kai ne kowa yake kallo.

Amsata a kan kuɗin ita ce ka sanar da kamfanin yau ɗin nan, a rubuce, ka nemi haƙƙinka, ka kuma faɗa musu ainihin wanda yake kan sitiyari. Ga dalilina.

Kuɗin cikakkiyar inshora kaso ne na darajar mota. Naka na asali kashi 7 ne cikin ɗari na miliyan 8, shi ne N560,000 ɗin da ejan ya ambata, rangwame ya sauko da shi zuwa kashi 5, wato N400,000. To a nan akwai abin da ejan bai gaya maka ba. Tun daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta hana a karɓi ƙasa da kashi 5 na darajar mota a cikakkiyar inshora, bayan an cire duk wani ragi da rangwame. Ka ga ke nan ka riga ka taɓo ƙasa. Ko ka ƙara shekara goma ba ka nemi komai ba, ba za a sake rage maka ko kwabo a kan wannan kason ba. Iyakar abin da kake karewa N160,000 ce a shekara, ba ƙari.

Yanzu ɗora shi a sikeli, kamar yadda kake auna buhun albasa. A gefe guda akwai gyaran motoci biyu, N1,550,000. A ɗaya gefen akwai rangwamen. Mu ɗauki mafi munin hali, a ce sun share shi gaba ɗaya, kuma ka yi shekara uku cur kana biyan cikakken farashi: N480,000 ke nan. A zahiri ma da wuya ya kai haka, domin rangwamen yana sake ginuwa ne daga shekarar farko da ka kammala ba tare da neman diyya ba, wasu kamfanonin kuma mataki suke mayar da mutum baya, ba sa share shi duka. Yadda naka kamfanin yake yi yana rubuce a takardar yarjejeniyarku, a sashen da ya yi magana a kan rangwamen. Sai kuma abin da suke kira eksas, wato ɗan kason asarar da mai mota yake ɗauka da kansa a duk lokacin da ya nemi diyya. Wani kamfanin ƙayyadadden kuɗi yake sawa, wani kuma kaso na abin da aka nema. In misali naka kashi 10 ne na gyaran motarka, N110,000 ke nan. Suna iya rage wani abu kuma in an sa sabon kaya a madadin tsoho. Tara duka waɗannan, za ka ga har yanzu abin da za su biya ya ninka abin da za ka rasa. Da a ce fitila ɗaya ce ta fashe da ɗan gogewar fenti na N80,000, da ni ma na ce ka kira fanal bita ka biya, ka bar rangwamenka. Amma bamba da bonet da lagireto da fitilu, ga motar wata a kai, ai don irin wannan ranar ka yi shekara huɗu kana zuba kuɗi.

Kada ka yi mamaki in an taɓa rangwamen alhali ba kai ka yi tuƙin ba. Ba lada ba ne na iya tuƙi, ragi ne na rashin neman diyya. Da wani ne ya daki motarka, kamfaninka ya biya ka sannan ya karɓo kuɗinsa daga mai laifin ko kamfaninsa, to akan bar wa mutum rangwamensa a irin wannan hali. Amma wanda ya daki mota ta baya, galibi shi ake ɗora wa laifi, ko da na gaban ne ya taka birki ba zato. Don haka ka sa a ranka cewa baɗi za ka biya fiye da bana, ka shirya masa tun yanzu.

Maganar ka ce kai kake tuƙi kuwa, Alhaji, kada ka ko kusance ta. Matar nan ta ga wanda ya fito daga kujerar direba. A Legas ba a yin karo a rasa mai ɗaukar hoto da waya, in kuma 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci ko 'yan sanda sun zo wurin, su ma sun gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da kamfani ya gano, yana da damar ƙin biya gaba ɗaya, ya soke inshorar, abin kuma ya tashi daga haɗarin mota ya koma zamba. Ko da ba wanda zai taɓa ganowa, kuɗin da aka karɓa da ƙarya ka san matsayinsa, ba sai na faɗa maka ba, kuma da shi za ka gyara motar da za ta ɗauko jaririnka daga asibiti. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wataƙila ƙaryar ma ba ta da wani amfani. Ɗauko takardar shaidar inshorarka ka duba inda aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa motar. Yawancin inshorar motar gida ta ƙunshi mai motar da duk wanda ya tuƙa da izininsa, muddin yana da lasin tuƙi. In ƙaninka yana da lasin mai kyau, kuma da saninka ya ɗauki mukulli, to a bisa al'ada yana ciki. Wasu kamfanoni suna ƙara eksas in direban matashi ne ko sabon lasin gare shi, wannan kuma ƙaramin abu ne. Tambaya guda nake so ka yi masa a keɓe, cikin taushin murya: ya taɓa yin Bolt ko Uber da motar? Inshorar motar gida ba ta ƙunshi haya ba. Ranar haɗarin dai matarka ya ɗauko, don haka ba na jin akwai matsala, amma gara ka ji daga bakinsa kafin ka ji daga bakin mai binciken kamfani.

Ejan ɗin nan ya tsaya mini a rai. Ba zan yanke masa hukunci ba, domin akwai waɗanda suke ba da irin wannan shawara da zuciya ɗaya, suna ganin taimako ne, ko suna gudun wahalar bin takardu. Amma mutumin da ya karɓi kuɗinka shekara huɗu, ranar buƙata kuma ya ce kada ka je kamfani, ya wajaba ka bincika bayansa. Dokar inshora a Najeriya ta ce in kuɗi bai shiga ba, inshora ba ta hau ba. Akwai mutane da yawa a garin nan da suke yawo da takarda mai kyan hatimi alhali kamfanin bai san da zamansu ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, tana da rumbun bayanai da ake kira NIID. Ka shiga askniid.org ka sa lambar motarka, ko ka danna *565*11# a wayarka. In sunan kamfaninka da ranar ƙarewar inshorar sun fito, ka samu rabin natsuwa. Sauran rabin kuma, ka kira kamfanin kai tsaye da lambar da ke jikin takardarka, ka tabbatar cikakkiyar inshora aka yi maka a kan miliyan 8, ba tad fati ta N15,000 ba, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take biya. In ka tarar an ci amanarka, ka tara rasit da shaidar tura kuɗi ta banki, ka kai ƙara kamfanin da NAICOM, tana da sashen karɓar koke da ofishi a nan Legas. Ina fatan ba za a kai ga haka ba.

Kwana tara sun yi yawa, shi ya sa na ce yau. Kowace yarjejeniyar inshorar mota tana sharɗanta a sanar da haɗari da gaggawa, wasu har suna ƙayyade kwanaki, kuma jinkiri yana cikin hujjojin da ake kafawa a ƙi biya. Ka aika saƙon imel ko ka kai wasiƙa da hannunka a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Za su ba ka fam ka cike, su nemi hotunan motocin biyu, kwafin lasin ƙaninka, takardun mota, ƙiyasin bakanike, da bayanin yadda abin ya faru a rubuce. Tun da akwai motar wani a ciki, mai yiwuwa su nemi rahoton 'yan sanda, sai ku je ofishin da ke kula da yankin da abin ya faru. Kada ka bari bakanike ya kwance ko ƙusa ɗaya, kada kuma ka aika kasuwar kayan mota ta Ladipo sayen kaya, sai injiniyansu ya zo ya duba ya amince da ƙiyasin. Na san zaman mota a gareji yana ci maka rai, ga kasuwa da asuba, ga mai ciki a gida, amma gaggawar kwana uku tana iya jawo maka asarar miliyan. In sun kawo tayin da ya gaza, kana da bakin magana: kawo ƙiyasi na biyu, ka nuna farashin kaya na yau, kuma kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka gamsu da adadin da ke cikinta.

Mu koma kan baiwar Allahn da aka daki motarta. Ita ba ta san Inna ba, ba ta san rangwame ba, abin da ta sani shi ne tana cikin tafiyarta aka lalata mata mota, yau kwana tara tana bin danfo. Kiran da take yi ba fitina ba ce, tsoro ne kada ka ɓace mata kamar yadda ake yi a garin nan. Cikakkiyar inshorarka ta ƙunshi ɓangaren tad fati, wanda yake biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3 ga motar gida, don haka N450,000 ɗinta tana ciki da sarari. Ka kira ta da kanka kafin ta kira, ka ba ta sunan kamfanin da lambar inshorarka da lambar da za su ba wa ƙorafin, ka roƙe ta kada ta fara gyara sai sun gani. N100,000 da ka ba ta, ka faɗa wa kamfanin ba ɓoye-ɓoye. Sharaɗinsu ne kada a amsa laifi ko a yi sulhu ba da saninsu ba, saboda haka suna iya ƙin mayar maka da ita. In sun ƙi, ka ɗauke ta a matsayin kuɗin motar hayar da ka biya mata, amma kada ka ƙara ba da wani abu ko ka rubuta mata alkawari sai da yawunsu.

Sai ƙaninka, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya sa ka rubuto. Yaron nan ba yawo ya tafi da motar ba, hidimar gidanka yake yi, a ranar da kai kake kasuwa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma titin da ya jiƙe ya sha kayar da direbobin da suka fi shi daɗewa a kan hanya. Wanda ya daina zuwa cin abinci don kunya ya riga ya hukunta kansa fiye da yadda za ka hukunta shi. In ka cire miliyan da rabi daga jarinsa, ka gyara mota ka karya mutum, zai kuma ƙara shekaru a ɗakin gidanka yana jiran abin da ba ya zuwa. Ban ce kuma a shafe maganar kamar ba a yi ba, domin wannan ma ba gata ba ne, shi kansa zai fi samun sauƙi in ya ɗauki wani abu a kafaɗarsa. Ka ɗora masa zirga-zirgar: shi zai je ofishin 'yan sanda, shi zai tsaya a gareji ranar da injiniya zai zo, shi zai riƙa bin kamfani da waya. In kana son ya sa hannu a kuɗi, to eksas ɗin ya isa, ko rabinsa, ya biya a hankali bayan jarin ya fara juyawa. Ka kuma zaunar da shi a kan tazara tsakanin motoci lokacin ruwa, kai ma ka duba tayoyinka da birki, don wani lokacin laifin da ake ɗora wa ƙafar direba na sulɓaɓɓiyar taya ne.

Akwai wani abu da nake gudun ya sa ka zalunce shi baɗi ba da saninka ba. Tun da naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya tashi ƙwarai. Ka tambayi dillalan mota nawa irin Corollarka take a yau. In ta haura miliyan 8 da nisa, to inshorarka ta gaza darajar motar, kuma da sace ta aka yi ko ta ƙone, ba za su biya fiye da abin da aka rubuta ba. Wasu ma sukan rage diyyar gyara daidai da gibin. Ranar sabuntawa za ka so ka ɗaga darajar, kuɗin kuma zai tashi tare da ita. A ce ka mayar da ita miliyan 10, ko a kashi 5 ɗin N500,000 ne. Wannan ƙarin na kasuwa ne, ba na haɗarin Ketu ba, kada ka haɗa su ka rubuta a kan yaro.

Maiɗakinka kuwa kalma ɗaya take jira daga bakinka, cewa ba laifinta ba ne, kuma da ka san za a yi haka ma da ba ka hana ta zuwa awo ba. Mai ciki ba ta buƙatar wannan damuwar. Inna ma ka kira ta ka ce inshora za ta biya, yaro yana nan lafiya, jarinsa yana nan.

Idan lokacin sabuntawa ya zo, ba dole ne ka zauna inda kake ba. Ka nemi farashi daga kamfani biyu ko uku, ko ta hannun dillalin inshora mai rajista, ka gaya musu gaskiyar cewa ka nemi diyya sau ɗaya a shekara huɗu. Wannan tarihi ne mai kyau, kuma tun da kowa yana neman kwastoma, kana iya samun wanda zai ba ka kusa da kashi 5 ɗin. Ka tambayi nawa ne ƙarin da ake biya a ɗauke maka eksas, wasu suna sayar da wannan. In kuma zuciyarka ta fi kwanciya da tsarin Musulunci, akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A can gudummawa ake zubawa a asusun taimakon juna, in an biya masu asara aka samu rara a ƙarshen shekara, sai a raba wa mahalartan da ba su nemi diyya ba. Sharuɗɗan sanarwa da faɗin gaskiya dai duk ɗaya ne, can ma ba a yarda a sauya direba a takarda ba.

In bincike ya nuna ƙaninka ba shi da lasin sam, ko takardarka ta ce kai kaɗai aka yarda ka tuƙa, to lissafin ya sauya, kamfani yana iya ƙin gyara motarka. Ko a hakan ka sanar da su, ka ji matsayarsu a rubuce. Sai ka fara sallamar matar, tunda haƙƙin wani ne, taka kuma a gyara abin da zai sa ta hau titi lafiya, lagireto da fitilu da birki, fenti ya jira bayan kakar albasa.

Yau da daddare ka aika a kira shi, a zuba muku abinci a kwano ɗaya, ka ce ya zo da lasin ɗinsa. In kun gama ci, ku buɗe takardar inshorar tare, ku danna lambar nan a waya ku ga abin da zai fito, ya rubuta yadda abin ya faru tun daga fitowarsu asibiti har zuwa Ketu, gobe da safe ku kama hanyar ofishin kamfanin ku biyu. Ka rubuto mini abin da suka ce. Allah ya mayar da alheri, ya raba lafiya.